Alƙalin Gita da Ya Dawo Babu Riga

Tun ranar da na sauko daga motar Damagaram a tashar Matameye ban ƙara samun sukuni ba. In na je masallaci, ana yin sallama na kusa da ni zai karkato: "Malam Hamisu, wai ina rigar?" In na je fadarmu ta gindin dalbejiya, kafin shayin farko ya yi kumfa Alhaji Nuhu mai kayan babur ya ɗauko zancen: "To alƙali, ɓarayi ne suka tare ku, ko caca ka koyo a Agadas?" Har mai ƙosan bakin kasuwa sai da ta yi mini gyara don in ba ta labari. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk ranar da na ba da shi sai ya ƙara tsawo da kamu guda, har ni kaina na fara shakkar wasu wuraren. Shi ya sa na ce bari in ɗaure shi a takarda ya tsaya wuri ɗaya. Wanda ya ƙara tambayata sai in miƙa masa ya karanta, ni kuwa in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai riƙe mikro a filin kokowa da gidajen biki, daga Matameye har Yauri da Icirnawa. Kunnena ya san kalangu, ya san gurmi, ya san gangar noma tun tana nesa. Gita kuwa, iyakar sanina da ita hoton da ke manne a shagon aski.

Wata Talata ina tsakar gida waya ta yi ƙara. Mushe Abdu ne, wato malam da Faransanci, wanda muka yi karatun boko tare a lakwal. Shi ya wuce gaba har ya zama ma'aikacin al'adu a Agadas, ni na tsaya daidai inda lissafi ya fara cakuɗuwa da haruffa.

"Hamisu, muna da bikin kiɗa ranar Asabar ta sama. Ƙungiyoyi biyar na masu gita za su kara, kiɗan rok. Ina son ka cikin alƙalai."

"Irin waɗanda ke kaɗa kai kamar an zuba musu barkono a kunne?"

"Su fa. Muna da masana biyu, muna neman kunnen gargajiya ɗaya. Amma da sharaɗi. Kada ka faɗa wa kowa a hanya cewa kai alƙali ne."

Jama'a, a ba ni muƙami a hana ni faɗa! Azumin bazara ya fi wannan sauƙi.

Uwargida Rabi ce ta haɗa mini jaka. A nan ne rigar ta shigo labari. Babbar riga ce, shadda shuɗiya mai aiki tun daga wuya har cibiya. Rabi ta yi shekara guda tana kiwon rago kafin shaddar ta samu, maɗinki kuma ya yi wata uku yana zare ido a kan aikin. Sau biyu na taɓa sa ta, duka ranar Sallah. Tana ninke ta tana kallona ta wutsiyar ido.

"Malam, na san halinka in kiɗa ya shige ka. Hular da ka ɗora wa mai kalangu a bikin gidan liman har yau ban manta ba."

"Haba Rabi, wannan kalangu ne. Gita me za ta yi mini? Igiyar shanya ce aka ɗaure a kan katako."

"Na dai faɗa."

Mu mutanen Matameye in an ce tafiya, kudu muke kallo. Ɗan Barto, Daura, Kano, mun san kowane shinge da wanda ke zaune a gindinsa. Arewa kuwa, ban taɓa wuce Damagaram ba. Na ɗauki daurin rake don tsaraba, don mutumin Matameye da ya je baƙunta babu rake, a bincika asalinsa. Muka bi ta Takeita, na kwana gidan ɗan baffana a Damagaram, da safe na shiga motar Agadas.

A Tanut samari huɗu suka shigo. Dogaye, sirara, kowa ya naɗe fuska da rawani sai idanu. Kayansu an nannaɗe su da barguna an ɗaure da igiya, suna lallaɓa su kamar masu kai mara lafiya asibiti. Babbansu ya zauna kusa da ni. Na ce masa salamu alaikum, ya miƙo hannu ya shafi tafina ya janye, ya sake shafa ya janye. Ni ina ƙoƙarin in cafke hannun in girgiza irin namu, shi yana zamewa kamar tarwaɗa. Sai daga baya na gane haka Abzinawa ke gaisawa. Sunansa Agali.

Mun ɗan taɓa tafiya sai ga shingen jandarmomi. Kowa ya fito da karti dantite, katin shaidar ɗan ƙasa, ni na lalube aljihu, wayam. Sai na tuna yana aljihun babbar riga, rigar tana cikin jaka, jakar tana kan mota, a ƙarƙashin buhunan gero da akuya biyu da kayan samarin nan. Aka kwance komai. Direba yana huci, akuyoyi suna zagina da yarensu. Na zaro rigar na warware ta a tsakiyar rana. Jandarman ya karɓi katin, amma rigar yake kallo.

"Baba, aure za ka a Agadas?"

Maganar nan ta taso mini har maƙogwaro, ni alƙali ne, amma na danne ta da ƙyar. "Rake na kai talla, ranka ya daɗe."

"Da wannan rigar? Lallai raken nan na manya ne. Wuce."

Hanyar da ke gaba ba zan ɓata muku lokaci da ita ba. Wanda ya ce kwalta ce ya yi ƙarya, wanda ya ce ba kwalta ba ce shi ma ya yi ƙarya. Akwai ramin da muka shiga da hantsi, ban ga mun fito ba sai wajen azahar. Kafin Adarbisinat taya ta fashe, muka sauka muka rarrabu a inuwar wata ƙaya wadda ita kanta inuwar take nema. Kafin in gama miƙe ƙafa samarin nan sun hura gawayi sun ɗora buta. Na lura Ba'abzine ko a jirgin sama aka tsaya sai ya dafa shayi. Ni kuma na kwance rake na rarraba. Kallon yadda mutum ke shan rake ta ƙarƙashin rawani, ba tare da an ga bakinsa ba, shi kaɗai ya isa a yi tafiyar dominsa. Sai dai ka ga sanda tana shiga tana gajarta.

A nan Agali ya kwance bargo ɗaya, sai ga gita, ja, duk ta kokkoje. Na yi maza na tambaye shi.

"Ina za ku da wannan?"

"Gasa, Baba. A Agadas. Ƙungiyoyi biyu na farko za a kai su Yamai su yi wasa, a ɗauki kiɗansu a faifai."

Na cusa rake a baki don kada harshena ya ci amanata. Shi kuwa ya ci gaba da magana a hankali, da Hausarsa mai laushi. Ya ce mahaifinsa makiyayi ne, fari ya rage masa dabbobi, ya gaji da ganin babban ɗansa yana yawo da katako a kafaɗa. Sun yi alkawari gaban kawunnansa. In wannan gasar ba ta kai shi Yamai ba, zai ajiye gita har abada ya bi motar masu haƙar zinariya can cikin sahara, inda ƙannen abokansa biyu suka tafi ba su dawo ba.

"Kuma alkawari gaban kawu ba ya tashi," in ji shi.

Ya ɗan kaɗa mini. Jama'a, sauron damina ya fi ta amo. Tsirin-tsirin, tsirin-tsirin, sai ka kasa kunne kamar mai jin gulma. Na ce a raina, wayyo yaro, fara neman shebur. Ban san gitar nan sai an jona mata wuta take buɗe baki ba.

A Agadas gidan Mushe Abdu na sauka. Matarsa ta kawo mini fura da aka dama da cuku da dabino. Na kurɓa sau uku na ji kamar na ci tuwon kwana biyu. Aka kawo wani burodi da aka gasa a cikin yashi mai zafi, aka marmasa shi a romo. Na yi ta taunawa a hankali ina jiran haƙorina ya gamu da tsakuwa, har na cinye ban gamu da ko ƙwaya ba. A gidana kuwa, inda ake tankaɗe gari sau biyu, sai ka tauna dutsen da za a iya aza harsashin gini da shi. Ban faɗa wa Rabi wannan ba, kada wanda ya karanta mata. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maza ne ke rufe fuska, mata kuwa fuska a buɗe, suna zaune cikin taro suna yanke magana. Mushe Abdu ya ba ni farin rawani kyauta, ya naɗa mini, na dubi madubi na gaishe da kaina don ban gane ni ba.

Ranar Asabar bayan azahar na shirya. Wando, singileti, jamfa, babbar riga a sama, hula mai aiki, rawanin nan na yafa a kafaɗa, takalmi sau-ciki na goge shi har yana ɗaukar ido. Ku riƙe wannan jerin, zai yi amfani.

Fili ne babba a gefen gari, an kafa dandamali, gefe da gefe lasifikoki kowanne ya kai rumbun gero. Aka zaunar da mu uku a tebur ƙarƙashin rumfa. Shugabarmu Madam Zara, malamar kiɗa daga Yamai, mace mai tabarau a kan hanci wadda in ta dube ka sai ka tuna duk aikin gida da ba ka yi ba a lakwal. Na biyu Tsoho Ahmudu, wanda aka ce ya yi shekara arba'in yana kaɗa gita, mutumin da tun da muka zauna ban ji muryarsa ba, ban kuma ga bakinsa ba. Na uku ni.

Madam ta raba takardu. Gida huɗu ne za a ba maki: iya kiɗa, haɗin kai, murya, da riƙe jama'a. Na juya takardar gaba da baya.

"Madam, ina gidan gaisuwa?"

"Wace gaisuwa?"

"Makaɗi ai sai ya fara gaishe da manya, ya wasa masu gari, ya ambaci alƙalai da sunan iyayensu."

"Mushe Hamisu, ka cika abin da ke takarda kawai."

Ƙungiyar farko 'yan Yamai ne, kowa da baƙin tabarau, har da manajansu mai tumbi da waya biyu a hannu. Suka hau ko kallonmu ba su yi ba. A wajenmu makaɗin da ya yi haka, ko ruwan sha ba za a ba shi ba. Mai gangarsu ya zauna a tsakiyar ganguna biyar da faya-fayan ƙarfe, yana duka da hannu biyu da ƙafa biyu. A Matameye wannan aikin mutum biyar ne, kowa da kwanon tuwonsa. Da suka saki sautin farko, na rantse hulata sai da ta matsa baya da kanta, goron da ke bakina kuwa ban san lokacin da ya wuce ba. Amma gaskiya sun iya. Komai a tsare kamar layin sojoji, sai dai bai taɓa mini zuciya ba. Na biyu 'yan Arlit, su kuwa ƙara suka zo sayarwa. Mai gangarsu ƙafa ba takalmi, yana duka kamar gangar ta ci masa gado.

Sai aka kira na uku. Agali ya hau da jar gitarsa ya jona mata waya. Ya hango ni a teburin alƙalai, idanunsa suka yi waje, ni kuwa na duƙufa kan takarda kamar mai neman kuskure.

Ya fara a hankali, wani taku-taku kamar raƙumi ya taso daga nesa. Na ce to, sauron nan ya yi ƙiba. Mai ganga ya shigo, na uku ya shigo da tasa gitar mai kauri, wadda a ciki ake jinta ba a kunne ba. Suka yi ta hawa, suna hawa. Gitar nan da na raina ta buɗe baki ta yi wani kuka, ba na mutum ba, ba na dabba ba, kuka mai tsawo kamar mace na kiran ɗanta daga bayan tudu. Tsoho Ahmudu ya karkato, na ji muryarsa karon farko: "Rijiyar ubansa yake wa waƙa." Ana cikin haka tsirkiya ɗaya ta tsinke, tas, kowa ya gani tana lilo. Na ce shi ke nan, zinariya ta yi kira. Yaron nan ko gezau. Ya bi sauran tsirkiyoyin ya fitar da abin da ya fi na da. Mai gangarsa kuma ya juya kiɗan, sai na ji sak irin wanda ake yi wa ɗan kokowa in zai shiga fili. Jama'a suka tashi tsaye, mata suka saki guɗa.

Daga nan, abin da na sani ba ni na yi ba, ƙafafuna ne. Na ga dai tebur ya koma bayana. Na ga matakala. Na ga hannuwana sun tuɓe babbar riga sun zura ta a wuyan Agali yana tsakiyar kiɗa, na kama hannun rigar na naɗe masa a kafaɗa don kada ta hana shi aiki, na ɗaga hannu sama ina kirari: "Sai kai, ɗan mai raƙuma! Tsirkiya ta tsinke, kai ba ka tsinke ba!" Fili ya ɗauki ihu. Na juyo ina jin kaina kamar na kayar da sarkin kokowa, sai idona ya faɗa cikin tabaran Madam Zara.

Aka tafi hutun la'asar. Muna idar da salla aka kira ni bayan dandamali. Madam tana tsaye da takardar dokoki, Mushe Abdu ya dafe kai, Tsoho Ahmudu yana zaune a kan akwati, manajan 'yan Yamai kuwa yana ta kumfar baki.

"Alƙali ya ba ɗan gasa riga a gaban duniya! Kuma an gaya mini mota ɗaya suka zo, an gan su suna shan rake tare! A fitar da su!"

"Raken ma laifi ne?" na ce. "Har direba na ba."

"Mushe Hamisu," in ji Madam, "doka a rubuce take. Ƙungiyar da alƙali ya fifita da wata kyauta ta fita daga gasa. Ka san abin da ka jawo wa yaran nan?"

Sai a lokacin abin ya sauko mini. Na tuna inuwar ƙayar nan, da kawunnai, da motar masu zinariya. Yaro ya yi kiɗan da bai taɓa yi ba, ni kuma da hannuna na tura shi rami. Wallahi gumin da ya keto mini ba na zafin Agadas ba ne.

Agali ya shigo, rigar a ninke a kan hannuwansa biyu, ko ɗaga ido bai yi ba. "Baba, ga ta. Na gode. Ka karɓa kawai a ce ba a yi ba."

Madam ta ce, "In ka karɓa a gaban jama'a ka ce kuskure ne, zan duba."

To a nan ne gizo ke saƙa. Su a wajensu abu ne mai sauƙi. A wajenmu kuwa rigar da ta hau wuyan makaɗi ba ta komawa wuyan mai ita. Ka karɓe, ka ce wa duniya kiɗan bai kai ba, ka zubar da mutuncin makaɗin, kai kuma har jikokinka sai an yi musu habaici a gidan biki. Na bayyana musu haka. Na ce ba toshiya ba ce, ai toshiya a ɓoye ake ba da ita, kuma alƙali ake ba, ba shi ke bayarwa ba. Manaja ya ce wannan al'adar ƙauyenku ce. Na ce ƙauyenmu na da kasuwar da ta fi unguwarku. Mushe Abdu ya taka mini ƙafa.

Na dubi Agali, na dubi rigar. Na fara miƙa hannu, don in za a zaɓa tsakanin kunyata da rayuwar yaro, ai kunya ba ta kisa. Sai Tsoho Ahmudu ya yi gyaran murya ta cikin rawani.

"Dokar nan, fifitawa ta hana. Ba kyauta ba."

Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Mutum ɗaya ya ba. Shi ne laifin."

Ya koma shirunsa, ya gama aikin shekara. Ni kuwa na cafe zancen tun bai faɗi ƙasa ba. "Madam, in kowace ƙungiya ta samu, wa aka fifita?"

Ta sauke tabarau ta dube ni tun daga hula har takalmi, na ga bakinta yana motsi, lissafi take. Ta ce, "Da sharaɗi biyu. A kan dandamali za ka yi, kowa ya gani. Kuma makinka na ƙungiya ta uku na soke shi. Ni da Tsoho kaɗai za mu yanke musu."

Manaja ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya tsaya. "Mu me za mu samu?"

Da aka dawo na karɓi mikro, abin da aka haife ni da shi a hannu. Na bayyana wa mutanen Agadas al'adar Matameye, na kira 'yan Yamai na yi musu kirari, na ɗora wa mawaƙinsu hula. Na kira mai gangar Arlit na ce ga takalmi, ƙafar da ke wannan aiki ba ta cancanci tafiya tsirara ba. Ya sa, ya yi masa yawa, ya tafi yana ja. Na dawo tebur ina ɗangyashi, don zafin ƙasar nan, in ka fasa ƙwai a kai sai dai ka nemi burodi.

Ƙungiya ta huɗu 'yan gari ne, mace ce ke musu waƙa. Muryarta kuwa, ko ba doka sai na ba ta wani abu. Na yafa mata rawani da zuciya ɗaya. Ta biyar, Allah Ya ba su haƙuri, kowa nasa kiɗan yake kamar ba su taɓa haɗuwa ba sai a tasha. Amma alkawari kaya ne. Na hau na tuɓe jamfa na ba su, ina kirari ina hawaye a zuci. Haka na koma na zauna tsakanin Madam Zara da Tsoho Ahmudu, daga ni sai wando da singileti mai huji a haƙarƙari, tumbi a gaba, alƙalamin bik a hannu, ina ba da maki da cikakkiyar natsuwa irin ta manyan alƙalai. Madam ba ta ƙara kallon gefena ba, amma na ga kafaɗunta suna rawa.

Gab da magariba aka tattara takardu. Ban san abin da su biyun suka ba Agali ba. Na leƙa, Madam ta kife takarda. Na dubi Tsoho, ai kallon rawani ba ya ba da labari. Na yi ta juya bik a hannu. Mushe Abdu ya hau ya fara daga ƙasa. Na biyar, masu jamfata. Na huɗu, Arlit. Saura uku, kujera biyu. Na hango Agali a gefe cikin rigata, ya runtse ido.

"Na uku," in ji Mushe Abdu, ya tsaya yana gyara takarda kamar wanda aka biya don ya kashe ni, "ƙungiyar Yamai."

Ban ji sauran ba. Daga baya aka ce mini mai waƙar nan ce ta zo ta ɗaya, Agali na biyu. Abin da na sani, na tsinci kaina ina rawa ƙafa ba takalmi, samari huɗu sun kewaye ni, wani yana ƙoƙarin ɗaga ni ya kasa. Manaja ya wuce fuska a murtuke, amma hular ba a dawo da ita ba, kuma ni ban tambaya ba.

Agali ya jawo ni gefe ya miƙo mini karti dantite da waya da ɓarin goro. "Suna cikin aljihu, Baba. Su ma kyauta ne?"

"Kawo nan, ɗan nema. Goron ka riƙe."

Ya cire rawani daga bakinsa, karon farko na ga fuskarsa duka. Yaro ne ƙarami ashe. Ya ce zai sa rigar ya je gaban mahaifinsa da ita kafin ya wuce Yamai, don tsohon bai san maki ba, bai san faifai ba, amma ya san abin da ake nufi in dattijo ya tuɓe riga ya ba mutum.

Mushe Abdu ya ba ni silifa da wata rigar bikin mai gajeren hannu, irin wadda aka ɗinka don mutanen da ba sa cin tuwo. Ta tsaya mini a saman cibiya ta ce nan ne iyakarta. Da ita na kamo hanya. A shingen nan na kusa da Tanut, jandarman nan dai ne. Ya dubi katin, ya dube ni.

"Baba mai rake! Ina rigar?"

Shi ne mutum na farko da ya fara, ga shi har yau ba a daina ba.

Na iso gida da la'asar, Rabi tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi cibiyata, ta ci gaba da tankaɗe. Kwana uku ba ta ce uffan a kan zancen ba, tuwo dai yana zuwa, amma miyar ba ta da fara'a. Ana nan sai ga hoto ya shigo wayata. Agali ne a kan wani dandamali a Yamai, fitilu ta ko'ina, jar gita a hannu, shuɗiyar rigar nan an naɗe hannuwanta a kafaɗa, aikin wuyan yana walƙiya. Na kai mata na zauna nesa kaɗan, inda muciya ba za ta kai ba, na ba ta labarin tun daga Tanut har rijiyar uban yaron da rabon kayan jikina.

Ta daɗe tana kallon hoton. Ta goge fuskar wayar da bakin zane ta sake kallo.

"Ragona ya je Yamai," ta ce. "Kuma ta fi yi masa kyau."

Na sunkuyar da kai, don mai laifi ba ya zaɓen hukunci.

"Ƙungiya nawa ka ce?"

"Biyar."

Ta ƙirga da yatsu: riga, hula, takalmi, rawani, jamfa. Ta sauke ido a kan wandona, ta daɗe a nan. Sannan ta ɗaga hannu biyu sama.

"Allah mun gode maka da ba bakwai ba ne."